Bishiyar Tulip: Katakon da Ya Daɗe Yana Aiki a Ƙarƙashin Fenti

Idan mutum ya samu tsohuwar durowar kaya da aka ƙera a gabashin Amurka shekara 150 da suka wuce, ya jawo aljihunta waje ya juya shi, zai ga katako iri biyu. Fuskar da ake kallo mai duhu ce, mai sheƙi, ta itace mai tsada. Gefe da baya da ƙasan aljihun kuwa wani katako ne fari-fari, da ɗan ratsin kore, mara nauyi a hannu. Sau da yawa wannan na biyun daga bishiyar tulip ya fito. Shi ne ya riƙe durowar duk tsawon shekarun, amma ba shi mai saye ya biya kuɗi don ya gani ba. Kusan duk tarihin wannan katako haka yake, kuma ina ganin ya cancanci a san shi da kyau, don a shekarun nan lamarinsa ya fara sauyawa.

Sai an warware batun suna tukuna, domin a nan ne ruɗani ya fi yawa. Masana tsirrai suna kiran bishiyar Liriodendron tulipifera, sunan da Carl Linnaeus ya raɗa mata a 1753. Ba ta da wata dangantaka da furen tulip da ƙasar Holand ta yi suna wajen nomansa. Furenta ne kawai ya yi kama da shi: kamar ƙaramin kofi, kore mai ɗaukar rawaya, da zanen ruwan lemo a gindinsa. A kasuwar katako ta Amurka kuma ba a cika cewa tulip ba, sai a ce yellow poplar ko poplar kawai, alhali ita ba poplar ba ce. Danginta na jini su ne bishiyoyin magnolia. 'Yar'uwarta ɗaya tak a duniya, Liriodendron chinense, tana can ƙasar Sin da arewacin Biyetnam.

Akwai wasu biyu da ke amsa sunan. Ɗaya tamu ce ta Afirka, Spathodea campanulata, mai manyan jajayen furanni, wadda ke fitowa a dazuzzukan kudancin Najeriya da Gana da Kamaru, Turawa kuma suka sa mata suna tulip ɗin Afirka. Ɗayar kuma wani katako ne na ƙasar Birazil, ruwan hoda mai ratsi-ratsi, mai nauyi da tsada, wanda kafintocin Faransa na ƙarni na 18 suka riƙa yi wa kayan fada ado da shi. Shi ɗan dangin bishiyoyin da ake kira Dalbergia ne, kuma tun 2017 cinikinsa tsakanin ƙasashe ya shiga ƙarƙashin sa idon yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Kama da wane ba wane ba ne. Wanda ya ga an rubuta tulipwood a takardar kaya, wajibi ne ya tambaya daga wace ƙasa, don tsakanin na Birazil da na Amurka tazarar farashi ba kaɗan ba ce.

Ita dai wadda muke magana a kanta 'yar gabashin Amurka ta Arewa ce, daga kudancin Ontario a Kanada har zuwa tsakiyar Florida, daga gaɓar tekun Atilantika har kusa da kogin Mississippi. Inda ta fi jin daɗi shi ne kwaruruwan tsaunukan Appalachia, masu ƙasa mai zurfi da danshi wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Jihohi uku, Indiana da Tennessee da Kentucky, sun ɗauke ta a matsayin bishiyar jiha. George Washington, shugaban Amurka na farko, ya dasa wasu a gidansa na Mount Vernon a 1785. Thomas Jefferson kuma, shugaba na uku, gidan hutunsa na Virginia sunanta ya ci, Poplar Forest. Ganyenta ba ya ɓuya: faffaɗa ne mai kusurwa huɗu, bakinsa kamar an datse da almakashi.

Abin da ya sa ta zama bishiyar katako yana cikin halinta ne. Ba ta jure inuwa ko kaɗan. Da zarar ta tsiro a cikin 'yan'uwanta, sai ta shiga tsere zuwa ga rana, ta miƙe sak. Rassan ƙasa da haske ya daina kaiwa gare su sai su bushe su faɗi da kansu tun suna ƙanana, wurin ya rufe, sabon itace ya lulluɓe shi. Shi ya sa ake samun gangar jiki mai tsawon mita 20 ko fiye ba reshe ko ɗaya. Duk kafinta ya san abin da wannan ke nufi: dogon falanki, mai faɗi, babu ƙullin reshe da zai karya zarto ko ya raunana katako. Mafi tsawon da aka auna tana gandun dajin Great Smoky Mountains, an hau an saki igiyar awo a 2011 aka samu mita 58 da rabi, wato kamar bene mai hawa 19. A duk bishiyoyi masu faffaɗan ganye na gabashin nahiyar babu wadda ta kai ta. Ko a cikin birnin New York akwai wata tsohuwa a unguwar Queens da ta haura mita 40, wadda ake ƙiyasta shekarunta sun wuce 350.

Tana daɗewa kafin ta fara fure, shekara 15 zuwa 20, kuma furen yana can ƙololuwa inda mai tafiya a ƙasa ba ya gani, sai dai ya tarar da shi ya zubo tsakanin Afrilu da Yuni. Ƙudan zuma kuwa sun san da shi. Zumar tulip baƙa-baƙa ce mai ja, kuma masu kiwon zuma a yankin Appalachia suna dogara da wannan fure sosai a farkon shekara.

Yanzu ga inda mai saye ke yawan shan mamaki. A tsarin Turawa, katako kashi biyu ne, wanda suke kira mai tauri da wanda suke kira mai laushi. Sai dai rabon bai da alaƙa da abin da hannu ke ji. Duk bishiya mai fure da faffaɗan ganye tana ɓangaren masu tauri, duk mai ganye kamar allura irin su pine da spruce tana ɓangaren masu laushi. Har balsa, wanda ake iya lotsawa da farce, a lissafin nan mai tauri ne. Tulip ma haka: a takarda mai tauri, a hannu mai laushi. Akwai gwajin da ake kira Janka, inda ake auna ƙarfin da ake buƙata kafin a nutsa rabin wata ƙaramar ƙwallon ƙarfe cikin katako. Tulip yana tsayawa a fam 540. Jan oak yana 1,290, farin oak 1,360. Wajen nauyi kuwa, busasshen tulip kimanin kilo 450 ne a kowace kubik mita, farin oak ya wuce 750.

Ga wanda ya saba da kasuwar katako a Kano ko Kaduna, kwatancen da ya fi sauƙi shi ne obeche. Shi obeche ya ɗan fi sauƙin nauyi da laushi, yana wajen kilo 380 da fam 430, iroko kuma yana can sama, kilo 660 da fam 1,260. To tulip ɗan gaba kaɗan yake da obeche, kuma irin aikin da suke yi a ƙasashensu kusan ɗaya ne: aikin ciki, aikin da za a rufe, aikin da ake son sauri da araha.

Wani abin ban sha'awa ya fito a 2024. Masu bincike biyu, Jan Łyczakowski na Jami'ar Jagiellonian a Poland da Raymond Wightman na Jami'ar Cambridge, sun duba itatuwa iri 33 da madubin ƙara girma mai aiki da lantarki, suna auna ƙananan zaruruwan da ke gina bangon ƙwayoyin itace. A masu faffaɗan ganye zaren siriri ne, a masu ganyen allura mai kauri. Na Liriodendron, duka jinsi biyun, sai ya faɗo tsakiya, bai shiga ko wane gida ba. Sun buga sakamakon a mujallar New Phytologist, suka kira shi katakon tsakiya. Sun kuma lura cewa wannan dangi ya rabu da magnolia shekaru miliyan 30 zuwa 50 da suka wuce, a daidai lokacin da iskar kabon ke raguwa sosai a sararin duniya, don haka suke hasashen cewa wannan tsari yana iya zama dabarar kama kabon da sauri. Hasashe ne, kuma su ma a haka suka gabatar da shi. Amma ya yi daidai da abin da kafintoci suka daɗe suna ji a hannunsu, cewa katakon nan yana tsakanin gida biyu.

Tun kafin zuwan Turawa, 'yan asalin ƙasar irin su Cherokee suna sassaƙa kwalekwale daga gungume guda, ta hanyar ƙona cikinsa a hankali suna kankarewa. Daga nan ta samu sunan itacen kwalekwale. A Kentucky har yau ana ba da labarin Daniel Boone, shahararren maharbi kuma ɗan-gaba na baƙin da suka zauna a yankin, wanda a 1799 ya sassaƙa na tsawon ƙafa 60 ya ɗora iyalinsa da kayansa zuwa Missouri. Baƙin da suka zauna a tsaunuka sun gina bukkokinsu da gungumenta, domin ga miƙewa, ga sauƙin ɗagawa, ga shi gizago yana cinta ba gardama. Ɓawonta mai ɗaci kuma an sha shi a matsayin maganin zazzaɓi lokacin da kwinin ya yi wuya.

Da injin yanka katako ya zo, sai amfaninta ya bazu har ya yi wuyar ƙirgawa. Jikin keken doki, bangon gida, akwatin gawa, akwatin kaya, bututun babbar molon coci mai busa da iska, ƙashin kujerun da ake lulluɓewa da soso da yadi, tsakiyar allunan da ake manna wa fatar katako mai tsada a sama. A yau idan ka shiga sabon gida a Amurka ko Ingila ka ga farin zanen katako da ya zagaye ƙofa da taga da gindin bango, ko ƙofofin kabad ɗin kicin masu fenti sumul, akwai kyakkyawan zaton tulip ne a ƙarƙashi.

Dalilin fentin nan ya kamata a tsaya a kai, don shi ne ya ɗaga katakon kuma shi ne ya ɓoye shi. Oak yana da manyan ƙofofin ruwa a jikinsa, waɗanda ko an shafa fenti hawa uku sai sun nuna kamar zanen fata. Na tulip ƙanana ne, a warwatse daidai wa daida, saboda haka fenti yana kwanciya a kansa kamar a kan gilashi. Ba shi da ƙaro irin na pine da ke tsattsafowa ya ɓata fenti bayan shekara biyu. Yana karɓar gam, yana karɓar ƙusa ba tare da ya tsage ba ko kusa da baki, injin zane yana fitar masa da kusurwa mai kaifi, kuma bakin ƙarfen injin yana daɗewa bai dakushe ba. Yana bushewa da sauri a ɗakin busar da katako, idan kuma ya bushe yadda ya kamata ba ya yawan murɗewa. Duk wanda ya taɓa ganin ƙofa ta buɗe baki a hunturu ta kuma kumbura ta ƙi rufuwa da damina ya san darajar katakon da ke zama inda aka ajiye shi.

Launinsa ne ya ja masa raini. Ɓangaren waje, kusa da ɓawo, fari ne kamar madara. Zuciyar kuwa kore ce mai ɗaukar rawaya, wani lokaci da ratsin shuɗi ko baƙi ko ruwan makuba. Jama'a sun saba katako ya zama ja ko ruwan ƙasa, kore bai yi musu kama da kayan daraja ba. Ga shi kuma idan aka shafa masa rini don a mayar da shi kamar mahogani, sai ya sha rinin wuri da wuri ba daidai ba, ya fito dabbare-dabbare, sai an fara shafa masa abin toshe ƙofofi. Abin da mutane da yawa ba su yi haƙurin gani ba shi ne, koren nan ba ya zama. 'Yan watanni a cikin haske ya isa ya juya ruwan zuma. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma da wannan idon aka daɗe ana kallonsa. Ni a ganina an zalunce shi a nan, domin falankin da ya sha haske ya nuna, aka shafa masa mai kawai, abin kallo ne.

Amma yana da iyaka, kuma kada mai talla ya ɓoye ta. Bai dace da daɓen ƙasa ba, bai dace da saman teburin da za a yi ta buga abu a kai ba, don yana lotsewa. Idan samfefa ta tsufa ko wuƙar inji ta dakushe, sai ya tashi da gashi-gashi. Mafi girma duka, ba ya jure ruwa da ƙasa. A kafa shi a matsayin turke ko a bar shi yana shan ruwan sama ba kariya, cikin 'yan shekaru ya ruɓe. Ƙwari ma ba sa jin tsoronsa, don haka a ƙasar da gara ke mulki ba katakon da za a saka a manta ba ne.

A nan wani zai ce, to yaya aka yi tsofaffin bukkoki da rumbunan Kentucky da Tennessee da aka gina da shi suke tsaye bayan shekara 200? Amsar tana cikin shekarun bishiyar. Waɗancan an yanko su daga bishiyoyin da suka yi ɗaruruwan shekaru, kusan duk jikinsu zuciya ce, mai launin rawaya sosai, kuma zuciya ta fi jure ruɓewa nesa ba kusa ba. Na kasuwar yau daga matasan bishiyoyi ne masu saurin girma, farin waje ya fi yawa. Suna ɗaya, jinsi ɗaya, amma kusan katako biyu ne. Waɗancan manyan an gama da su tsakanin wajen 1880 da 1920, lokacin da kamfanonin katako suka shiga tsaunukan Appalachia da layin dogo suka share dazuzzukan. Abin da ya tsira kaɗan ne, kamar dajin Joyce Kilmer a North Carolina, wanda gwamnati ta keɓe a 1936. A can akwai waɗanda suka wuce shekara 400, kewayen gindinsu ya kai mita 6. Yana da ciwo a tuna cewa da haka kwaruruwan yankin suke gaba ɗaya.

Duk da wannan ɓarna bishiyar ba ta ƙare ba, ƙaruwa ma ta yi, kuma dalilan suna da ban sha'awa. 'Ya'yanta masu fiffike ne, iska na kwasarsu. Mafi yawansu fanko ne, amma tana zubar da su da yawan gaske, masu ran kuma suna iya kwanciya cikin ganyen ƙasa shekara huɗu zuwa bakwai suna jiran ranar da haske zai sauko. Da an sare daji sai su tashi tare. Kututturen da aka bari ma yana toho. Sannan gonakin kan tudu da manoma suka yi watsi da su a ƙarni na 20 suka koma birni, ita ta fara mamaye su. Sai kuma faɗuwar wani tashin wani: a 1904 aka gano wata cutar fumfuna a New York da ta shigo daga Asiya, wadda cikin shekara kusan 50 ta kashe biliyoyin bishiyoyin chestnut na Amurka. Gurbin da suka bari, tulip na cikin waɗanda suka cike. A yau kimanin kashi 8 cikin 100 na dukkan katakon faffaɗan ganye da ke tsaye a dazuzzukan Amurka nata ne, kuma abin da ke ƙaruwa a shekara ya fi abin da ake sarewa. Har ma wasu masana daji suna kukan cewa a wurare masu danshi tana danne ƙananan oak, ta hana su tasowa.

Ba bishiyar da za a ɗauko a dasa a Sahel ba ce. Tana son sanyin da ke sa itace barci, da ruwan sama a warwatse cikin shekara. Ko a ƙasarta, fari na 'yan makonni ya isa ya sa ganyenta ya yi rawaya ya zube tun lokaci bai yi ba.

Kasuwarta ta waje ta kai Biyetnam da Sin da Meziko da Italiya da Birtaniya, inda ake yin kayan ɗaki da ƙofofi. Ana sayar da ita bisa ma'aunin ƙungiyar 'yan kasuwar katako ta NHLA, wadda aka kafa a 1898. Falanki mai daraja ta ɗaya dole ya ba da aƙalla kashi 83 cikin 100 na fuska mai tsabta, na biye da shi kashi 66 da ɗoriya. Matsalar masu injin yanka ita ce ragowar, wato falankan da ke da ƙulli da tabo da launi barkatai. Waɗannan yawanci a katakon ɗora kaya na sito suke ƙarewa, a kan kuɗi kaɗan.

A kan wannan ragowar ne sabon babin ya buɗe. Tun shekarun 1990 aka fito da wata dabara a Ostiriya da Jamus: a jera falankai a kwance, a shafa gam, a jera wasu a gicciye a kai, a sake jerawa, hawa uku ko biyar ko bakwai, a matse su zama allo guda mai kauri wanda zai iya zama bango ko daɓen bene. Ana kiransa CLT, kuma da spruce aka saba yin sa. Majalisar tallata katakon Amurka a ƙetare, AHEC, ta ga cewa tulip yana da nauyi kusan ɗaya da masu laushin amma ya fi su ƙarfi, sai ta haɗa kai da injiniyoyin kamfanin Arup da masu zanen gine-gine a Landan. Gwajinsu ya nuna cewa a wurin da irin wannan allo ya fi rauni, wato hawan tsakiya da zaruruwansa ke son mirginawa a kan juna idan an ɗora nauyi, tulip ya ninka spruce kusan sau uku. Gaskiya ne AHEC 'yan kasuwa ne masu neman saye, amma gine-ginen sun tsaya kowa ya gani. A 2013 kamfanin masu zanen gine-gine na dRMM ya kafa wata matattakala mai sarƙaƙiya a gaban gidan zane na Tate Modern. A 2016 mai zanen gine-gine Alison Brooks ta gina wani dogon ɗaki mai lanƙwasa kamar jinjirin wata a kwance, mita 34, tsakiyarsa kawai ke taɓa ƙasa, bakinsa biyu suna sama ba ginshiƙi, mutane suna tafiya a ciki har ƙarshe. Da falankan ƙaramar daraja aka yi shi.

Matsalar ruwa ma an samo mata wata hanya. Ana gasa katakon a zafin da ya kai kusan digiri 200 a ɗakin da aka cire iskar da wuta ke ci. Gashin yana lalata abin da fumfuna ke ci a cikinsa, ya rage masa shan ruwa, ya mayar da shi launin gasasshen kofi. Yana ƙara masa saurin karyewa, don haka ba a ɗora masa nauyi, amma ya dace da lulluɓe bangon waje.

An haɗa dabarun biyu a 2017 a garin Oldham kusa da Manchester, a cibiyar Maggie's, wurin da masu fama da cutar daji da iyalansu ke zuwa su zauna su samu shawara da natsuwa. Shi ne gini na dindindin na farko da aka yi da CLT na katakon faffaɗan ganye. Waje gasasshen tulip ne mai duhu. Ciki kuwa ba a shafa fenti ba, an bar bangon da farinsa da korensa da ratsinsa, yadda mara lafiyar da ya gaji da farar silin da ƙarfen asibiti zai zauna cikin itace. Marikin ƙofofi ma na katako aka yi, saboda maganin cutar yakan sa yatsu su kasa jure sanyin ƙarfe. Wannan aikin kam oak aka ba, don mariƙi yana shan hannu kullum kuma tulip zai lotse.